Daga Falaki Zuwa Fadamar Rima: Yadda Ake Shirya Zaman Wayar da Kai Kan Sararin Samaniya da Yanayi a Ƙasar Gobir

Zaman wayar da kai kan binciken sararin samaniya, a ma'anar da wannan jagora ta ɗauka, taro ne da malamin makaranta ko ɗalibin jami'a ko malamin gona yake shiryawa domin ya nuna wa mutanen gari abin da na'urorin da ke kewaya duniya suke hangowa, ya kuma bayyana musu yadda abin da aka hango ya shafi damina da rani da abin da za a zuba a rumbu. A Sabon Birni da Isa, inda mafi yawan ruwan shekara yake sauka tsakanin Yuni da Satumba, jimillarsa kuma ba ta cika wuce milimita 500 zuwa 700 ba, fashin ruwa na kwana goma bayan shuka yana iya raba magidanci da irinsa, saboda haka duk ilimin da ya taɓa gajimare yana da masu sauraro tun kafin a kira su. Wahalar tana wajen tsara zaman ta yadda ba zai ƙare a mamaki kawai ba. Mutanen da aka nuna wa ramukan wata za su yi tasbihi su watse, washegari kuwa gona tana yadda take. Amma idan aka fara da taurarin da suka sani, aka hau da su zuwa ga tauraron ɗan'adam, sannan aka sauko da su kan gulbin da ke bayan garinsu, aka kuma bar musu abin aunawa a hannu, to aikin zai ci gaba bayan baƙo ya tafi.

Izini, wuri da lokaci

Ba a kafa na'ura a garin Gobirawa a fuskantar da ita sama sai an bi ta ƙofa. Mai shirya zaman zai fara da fadar uban ƙasa, daga nan a haɗa shi da dagaci ko mai unguwa, sannan ya keɓe zama na musamman da limamin gari da malaman zaure, domin a wurinsu shakka mafi nauyi take, kuma shakkar tana da dalili. A kunnen mutane da yawa ilimin taurari yana nufin duba, wato da'awar sanin rabon mutum ko ajalinsa daga tauraro, abin da malamai suka daɗe suna yaƙa. Wajibi ne a raba wannan da ilimin falaki, wanda shi lissafi ne na tafiyar rana da wata da taurari, da shi ake sanin zawali da alƙibla da daren da ya dace a fita neman jinjirin wata. Hujjar ba ta da nisa, domin daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato ake sanar da tsayuwar watan azumi da na salla, kuma masu duban wata suna amfani da lissafin falaki wajen sanin lokacin haihuwarsa, ko da yake ganin ido ake jira kafin sanarwa. Limamin da ya gamsu shi zai gaya wa jama'a da bakinsa, kuma kalmarsa ɗaya ta fi takardar gayyata ɗari.

Batun tsaro kuwa ba ya kewayuwa. Shekarun da yankin ya kwashe cikin hare-haren 'yan bindiga sun sa taron dare a fili, irin wanda ake kaiwa tsakar dare a wasu ƙasashe, ba shi da muhalli a Gatawa ko Unguwar Lalle ko Turba ko Bafarawa, kuma duk wanda ya ja mutane bayan gari domin neman duhu ya ɗauki alhakin da ba zai iya saukewa ba. Ana yin zaman a cikin gari, a farfajiyar makaranta mai katanga ko a ƙofar fada, a fara bayan la'asar da hotuna da gwaje-gwaje, a tashi a yi magariba, a dawo a kalli sama na kimanin minti 40, a sallami kowa kafin kiran isha'i. Ba a haska fitilar leza sama, ba a tayar da jirgi marar matuƙi, ba a ɗora fuskokin mahalarta a Facebook, ba a kuma bayyana ranar zuwan baƙi a rediyo; in hukumar gari ta ce a ɗage, sai a ɗage ba tare da musu ba. Matan aure, waɗanda da yawansu suke da gayauna da awaki kuma fashin ruwa yake taɓa su kai tsaye, ana yi musu nasu zaman da hantsi a makarantar Islamiyya ko a gidan wani babba, mace ce kuma za ta jagoranta.

Sama ta fi tsabta daga Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, lokacin da damina ta wanke ƙura, hazon hunturu kuma bai riga ya yi kauri ba. Wannan ya zo daidai da Makon Sararin Samaniya na Duniya, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a 1999, ake yin sa daga 4 zuwa 10 ga Oktoba domin tunawa da harba Sputnik a 1957 da fara aikin yarjejeniyar sararin samaniya a 1967. Sai dai lokacin kaka ne, mutane suna wuni a gona, shi ya sa bayan la'asar ya fi dacewa. A cikin wata kuma ana zaɓen daren biyar zuwa na takwas na watan Musulunci, domin a lokacin wata yana sama da magariba, hasken rana yana bugunsa ta gefe, inuwar duwatsunsa da ramukansa tana fitowa sarai; wata mai cika goma sha huɗu yana da kyan gani da ido, amma a madubi fari ne fat, babu abin da ake rarrabewa.

Kayan aiki

Kayan ba su da yawa, kuma kuskure ne a jira sai an sami babbar na'urar hangen taurari. Tabaran hangen nesa mai ido biyu, irin wanda aka rubuta wa 10×50, wato mai kusanto da abu sau goma da gilashin gaba mai faɗin milimita 50, ya isa a ga ramukan wata da manyan watannin duniyar Mushtari guda huɗu, muddin an ɗaure shi a kan sanda mai ƙafa uku ko an jingina shi da katanga don kada hannu ya yi rawa. Ana buƙatar ƙwallon ƙafa, da lemo ɗaya, da igiya mai tsawon mita 7, da miƙaƙƙiyar sanda, da rula, da robobin ruwa da babu komai a ciki. Manhajar Stellarium tana nuna taswirar sama ta kowane dare ko babu intanet. Hotunan tauraron ɗan'adam kuwa a Sakkwato ake sauke su tun kafin tafiya, a buga su manya a takarda a lulluɓe da leda mai kauri, domin ba a dogara da layin waya a yankin da aka taɓa katse masa sadarwa baki ɗaya, kamar yadda aka yi a Satumban 2021 a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato. Takarda tana da wata fa'ida kuma: dattijo yana iya riƙe ta, ya juya ta yadda gabas za ta fuskanci gabas, ya ɗora yatsa a kan gonarsa. Gargaɗi ɗaya ake maimaitawa a kowane zama, musamman ga yara, cewa kallon rana ta cikin tabarau yana makantarwa nan take.

Tafiyar zaman

Mai gabatarwa yana buɗewa da tambaya, ya bar dattawa su yi magana. Za su ambaci Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai suke kira Surayya, wadda take ɓacewa cikin hasken rana a watan Mayu ta sake bayyana da asuba a Yuni, daidai da faɗuwar damina. Wani malami zai kawo lissafin taurari 28, irin su Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, kowanne da kwana 13, ɗaya da 14, jimilla 365. Ya kamata a saurari wannan da girmamawa ta gaskiya, domin kalanda ce mai bin rana, da ita manoma suka daɗe suna sanin inda shekara ta kai alhali watannin Musulunci suna zagayawa. Iyakarta ita ce tana faɗin lokacin da ruwa ya saba zuwa, ba ta faɗin ko bana zai zo a kan kari, kuma daga wannan gurbi ne ake shigo da zancen na'ura, a matsayin ƙari a kan abin da aka gada.

Daga nan sai gwajin ƙwallo, wanda yake gyara tunanin nisa fiye da dogon bayani. Idan aka ɗauki ƙwallon ƙafa mai faɗin santimita 22 a matsayin duniya, to wata lemo ne mai faɗin santimita 6, wanda yaro zai riƙe a nisan mita 6 da rabi da ɗoriya, rana kuwa da za a kawo ta da faɗinta ya kai mita 24 a nisan fiye da kilomita biyu da rabi. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda mutane suke zaune a cikinta ba yankewa tun Nuwamban 2000, tana tafiya a tsayin kilomita 400, tana kewaya duniya cikin kimanin minti 90, a kan ƙwallon nan kuwa milimita 7 kacal ta ɗaga. Tauraron ɗan'adam mai lura da yanayi yana can a kilomita 35,786, wato santimita 62 daga fatar ƙwallon. Abin da ya fi muhimmanci a ƙarshe ake faɗinsa: iskar da gajimare da hadari da ƙura duk suke cikinta ba ta kai kaurin rabin milimita a wannan awo ba. Wanda ya fahimci sirantar wannan iska ba zai ƙara mamakin yadda hayaƙin masana'antu da motoci zai iya sauya ta ba.

Yana da kyau mahalarta su ji cewa ƙasarsu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka ta kafa tashar bin sawun kumbo a Kano, kuma ranar 20 ga Fabrairun 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, Kano tana cikin tashoshin da suka yi magana da shi. A Agustan 1963 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zanta da Shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2. Nijeriya ta kafa hukumarta ta NASRDA a 1999, ta harba NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumban 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a Agustan 2011, shi NigeriaSat-X injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi a Ingila. Ga matasa ana iya ƙara sunan Cheick Modibo Diarra, ɗan Mali da ya yi aiki a shirin Pathfinder da ya sauka a duniyar Mars a 1997.

Gadar da ke haɗa sama da yanayi ita ce Zara. Kowa ya san ta kusa da jinjirin wata da magariba, kowa kuma ya san Gamzaki da asuba, amma kaɗan ne suka san cewa abu ɗaya ne, duniya ce mai girman tamu da ke kewaya rana, wani lokaci ta bi bayanta wani lokaci ta riga ta fitowa. Kumbunan da aka aika mata sun tarar da zafi na kimanin digiri 465, wanda yake narkar da dalma, alhali akwai duniyar da ta fi ta kusa da rana amma ba ta kai ta zafi ba. Dalili shi ne kashi 96 cikin ɗari na iskarta kabon dayoksaid ce, iskar da ke fitowa idan an ƙone itace ko gawayi ko fetur. Hasken rana yana ratsa wannan iska ya gasa ƙasa, ƙasa ta mayar da zafin sama, sai iskar ta tare wani ɓangare nasa, kamar yadda bargo ba ya haifar da ɗumi amma yana hana ɗumin jiki fita. Ba don ɗan abin da duniyarmu take da shi na irin wannan iska da tururin ruwa ba, da matsakaicin zafinta ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili maimakon kimanin 15 sama da shi. Matsalar ƙari ce: kafin zamanin masana'antu kabon dayoksaid kashi 280 ce cikin miliyan na iska, da aka fara auna ta a tsibirin Hawai a 1958 ta kai 315, yanzu ta haura 420, kuma shekarar 2024 ta fi matsakaicin ƙarshen ƙarni na 19 zafi da kimanin digiri ɗaya da rabi.

A nan ne ake fito da hotunan gajimare, kuma a nan ya kamata a daɗe. Taurarin Meteosat na Turai, waɗanda aka fara harbawa a 1977, suna tafiya daidai da juyawar duniya, saboda haka kullum suna bisa wuri ɗaya suna kallon Afirka, suna aiko da hoto kowane minti 10 zuwa 15. A jerin hotunan watanni ana ganin ɗamarar gajimare tana hawowa daga teku zuwa arewa, domin iska mai laima daga Atilantika tana ture busasshiyar iskar hamada, inda suka haɗu kuma shi ne iyakar damina. Ɗamarar tana isa ƙasar Gobir a makare ta bar ta da wuri, abin da ya sa daminar Sabon Birni ta fi ta Zariya gajarta. A jerin hotunan kwana ɗaya kuwa ana ganin dunƙulen hadari yana haɗuwa da yamma a kan tsaunuka irin na Azbin ko Jos, ya faɗaɗa ya kai ɗaruruwan kilomita, ya nufo yamma. Manomi ya san hadarin kirki daga gabas yake tasowa, hoton yana tabbatar masa da saninsa, yana kuma ƙara masa cewa hadarin da ya sauka a Isa da asuba mai yiwuwa jiya da la'asar yana kan Damagaram. Na'urar ba ta ganin ɗigon ruwa, sanyin saman gajimare take aunawa, domin gajimaren da ya fi tsawo ya fi sanyi kuma ya fi zubar da ruwa. Da aka bi irin waɗannan hotuna na shekara 35, binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa hadari mafi tsanani a yankin Sahel ya ninka sau uku tun 1982. Wannan ya dace da abin da aka sani na cewa duk ƙarin digiri ɗaya yana ba iska damar ɗaukar ƙarin laima na kusan kashi 7 cikin ɗari, ya kuma dace da koken manoma cewa ruwa yanzu yana zuwa a dunƙule, ya yi ɓarna, sannan ya ɗauke.

Sai hoton gulbi. Taurarin Landsat suna ɗaukar hoton ƙasa tun 1972, an kuma buɗe taskarsu kyauta a 2008, Sentinel-2 na Turai kuwa tun 2015 yake aiki, yana komawa kan wuri ɗaya kowane kwana biyar. A taswira mai faɗi ana nuna wa mutane cewa Gagare daga ƙasar Zamfara ya fito, Bunsuru daga ƙasar Katsina, Gulbin Maraɗi kuma ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar ya sake dawowa, dukkansu suna zuba a Rima kafin ya kai dam ɗin Goronyo. Darasin da ke ciki na ceton rai ne: gulbi yana iya cika ya haura fadama alhali ko ɗigo bai sauka a garin ba, domin ruwan da ya faɗi a Ƙauran Namoda ne yake isowa. Waɗanda suka ga ambaliyar Satumban 2010, wadda ta cinye gonaki da ƙauyuka a kwarin Rima ta kuma yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ba sa buƙatar a yi musu dogon sharhi. Amana ta ilimi tana buƙatar a faɗa cewa ba kowace ambaliya ce sauyin yanayi ya haifar ba, domin yashi da ya cike gulbi da gini a kan hanyar ruwa da saran itatuwan gaɓa duk suna da nasu kaso.

Kada a bar mutane da hotunan asara kaɗai. Tafkin Chadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980, ya cancanci a nuna shi, tare da bayanin cewa fari na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 su suka fi ƙwaƙule shi, kuma daga baya ya ɗan farfaɗo. Amma hoton da ya fi amfani ga Bagobiri na maƙwabtansa ne. A ƙasar Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture a gona, suna rage rassan su bar biyu ko uku masu ƙarfi, aikin da suke kira sassaben zamani. Da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya gwada hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na bayan 2000, sai aka tarar itatuwa sun dawo a kan kimanin hekta miliyan 5, adadinsu ya kusan miliyan 200, da yawansu gawo, itacen da yake zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana ya kuma ci takinsa. Mutanen Tsibiri da Gidan Rumji dangin mutanen Sabon Birni ne, ƙasarsu iri ɗaya, ruwansu kusan ɗaya, don haka wanda ya ga hoton ba zai ce abin na wata duniya ba ne. Gani ya kori ji.

Tambayoyi biyu ba sa kasa zuwa, kuma amsarsu ce take nuna ko mai gabatarwa abin yarda ne. Ta farko, ko hasashen yanayi shiga gaibu ne. Amsa ita ce hasashe rinjayen zato ne da aka gina a kan alamu da awo, yana dacewa yana kuma kuskurewa, wanda ya yi shi bai mallaki ɗigo ɗaya ba. Idan aka ce akwai yiwuwar ruwa kashi 70 cikin ɗari, ma'anarsa a ranaku goma masu irin wannan alama ana samun ruwa a bakwai. Ta biyu ta fi zafi: idan na'ura tana ganin gawo daga sama, me ya hana ta ganin waɗanda suka hana mutane noma? Ba a kauce wa wannan tambaya, ba a kuma yi mata amsar siyasa. Ƙwayar hoto ɗaya ta Sentinel-2 fili ne mai mita 10 kowane gefe, ba ta nuna mutum ko babur. Akwai taurarin kasuwanci masu ganin abu mai santimita 30, amma hoto ɗaya suke ɗauka lokacin wucewa, gajimare da inuwar itace kuma suna rufe musu. Abin da hotunan kyauta suke nunawa sarai shi ne gonakin da aka daina nomawa, kuma wannan shaida ce mai nauyi da ta cancanci a kai ta gaban hukuma.

Idan zaman ya faɗo a ƙarshen Afrilu ko tsakiyar Agusta, akwai gwajin rana da ba ya buƙatar dare ko kaɗan. Sabon Birni tana kimanin digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, saboda haka sau biyu a shekara rana take tsayawa daidai bisa kai, sandar da aka kafa a miƙe ta rasa inuwa wajen ƙarfe 12:30. Masu sanin zawali da inuwa za su gane abin nan take, daga nan kuma a bayyana musu cewa karkatar duniya ce take kawo rana arewa, zafin bazara ya biyo, zafin kuma ya jawo iskar teku. Husufi ma dama ce: manya suna tuna na 29 ga Maris 2006, wanda inuwarsa ta ratsa Gusau da Katsina da Maraɗi, akwai kuma na 2 ga Agustan 2027 da zai rufe wani ɓangare na rana a arewacin Nijeriya, wanda ake kallo ta hanyar huda takarda a bar hasken ya faɗa ƙasa.

Abin da ake bari a gari

Ƙiyasin ruwa daga sama yana buƙatar shaida daga ƙasa, ma'aunan ruwa kuwa sun yi ƙaranci a karkarar Sahel, saboda haka zaman yana ƙarewa da haɗa ma'auni. Ana samun robar ruwa mai miƙaƙƙen jiki, a yanke kanta daga inda ta fara tsukewa, a kifa kan a cikin bakin ya zama mazurari mai rage tsotsewar ruwa, a zuba siminti a gindin har ya daidaita, a manna rula ta yadda sifili zai zauna daidai saman simintin. Ana ɗaure ta a miƙe a kan turke, nesa da bango ko itace da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, inda dabba ba za ta kai ba. Mutum ɗaya amintacce, malami ko ladan ko ɗalibar sakandare, shi zai duba kowace safiya a lokaci ɗaya, ya rubuta kwanan wata da milimita a littafi, ya zubar da ruwan. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifili, domin ranakun fashi sun kai ranakun ruwa muhimmanci. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Ƙa'idar da aka fitar a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai ta ce damina ta kankama idan an sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, ba a kuma yi fashin da ya wuce kwana bakwai ba a cikin kwana 30 da suka biyo. Rabin farko ma'aunin gari ne yake faɗinsa, rabi na biyu kuwa ba a saninsa sai ya wuce, kuma a nan ne hasashen hukumar NiMet, wanda take fitarwa farkon kowace shekara da ranar farawar damina da tsawonta da lokutan fashi, yake da amfani, haka ma sanarwar cibiyar AGRHYMET ta Yamai da ake ji a gidajen rediyon Nijar.

Gwamma a kafa ma'auni uku a ƙauyuka uku da a kafa ɗaya mai tsada a hedikwata, domin bambancin da za a gani tsakanin garuruwan da tazararsu ba ta wuce kilomita goma ba shi zai koya wa mutane dalilin da ya sa hasashen ƙaramar hukuma ba ya cika daidai a kowace gona. Mai shirya zaman yana komawa bayan an ɗaure gero, a shimfiɗa littattafan uku kusa da hasashen farkon shekara da hotunan daminar, a karanta inda suka dace da inda suka saɓa a gaban waɗanda suka rubuta, sannan a kwafe alƙaluman a miƙa wa ofishin gona na ƙaramar hukuma da sashen nazarin ƙasa na jami'a a Sakkwato, ainihin littafin kuwa ya zauna a garin, a hannun wanda zai ci gaba da cika shi da damina mai zuwa.